Kwana 9 da barin taba amma gabana sai hwaɗuwa yake, ku taimake ni da shawara

Mai Walda Zariya:
Assalamu alaikum ƴan gida. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya ishe ni kuma ban son hwaɗa ma maman yara kar hankalinta ya tashi. Shekara 16 ina shan taba, kwali guda kullum, wani bi har da rabi in aiki ya yi yawa. To yau kwana 9 ke nan da na aje ta, ɗiyata ƙarama ce ke tari da dare munka tahi likita sai lokotoro ya tambaye ni ko akwai mai shan taba cikin gidan, kunya ta kama ni na ce daga ranar an gama. Kwana 3 na hwarko na sha wuya, ciwon kai da hushi da rashin kwana, duk na daure don na san za a yi haka. Amma abin da ya same ni ran Juma'a ban san shi ba. Ina zaune liman na huɗuba sai na ji zuciyata na bugawa awa ganga, zuhwa ta keto mini, numhwashi ya ƙi isata, yatsuna da leɓɓana awa ana tsira musu allura, wallahi na sakankance mutuwa ce ta zo har kalmar shahada na yi. Na tsallake mutane na hita na zauna gindin bedi, bayan kamar minti 15 abin ya lahwa sai gajiya. Jiya da dare ya sake dawowa ina kwance. Yanzu tsoron dawowar abin ma ya hi abin kansa damuna. Akwai wanda ya taɓa ganin haka? Ko in koma in riƙa shan kara 2 ko 3 kafin jikina ya saba?

Ɗan Kabu-kabu Bagalam:
Wa alaikumus salam yaya. Wallahi irin shi ne sak ya same ni bara bayan azumi, ni a kan babur ma ya kama ni da fasinja a baya wajen babbar kasuwa, sai da na ce ma mutumin ya sabka ya nemi wani. Kwana 12 na yi ban sha taba ba na koma. Ina kunna kara guda komi ya kwanta. Ni dai gaskiya abin da na gani shi ne taba tana kwantar da hankali, wanda jikinshi ya riga ya saba in ya bari gaba ɗaya cutar kanshi zai yi, gara ka rage sannu sannu

Na Tibiri:
Malam wannan ba zancen taba ba ne. A masallaci ana huɗuba kuma da dare kana kwance? Iska ce ko kuma an yi maka wani abu, ka nemi mai ruƙiyya tun da wuri

Baba Direba:
Ɗana kar ka koma. Ni shekara 30 ina sha ina jan babbar mota Maradi Kwatano, na bari a 2011, kuma abin ga da kake hwaɗi na san shi, a Dosso ya hwara kama ni cikin dare na tada yaron mota na ce ya riƙe amanar iyalina. Ga ni yau ina rubuta maka da jikoki. Kara 2 ko 3 da kake zance na gwada shi har sau huɗu kafin wadda ta ɗore, duk sau huɗun kafin sati ya zagayo na koma kwali. Kwana 9 ba wasa ba ne, mafi tsananin ka wuce shi.

Mai Walda Zariya:
Na gode Baba Allah ya ƙara girma. Ku har tsawon wane lokaci kunka yi kuna jin shi?

Baba Direba:
Mai ƙarhin bai wuce sau 5 ko 6 ba cikin wata na hwarko. Hwaɗuwar gaba ƙarama kam ta ɗan jima, wajen wata biyu, tana raguwa har na manta ranar da ta bari.

Anfirme daga daji:
Salamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani CSI, wato ƙaramin asibiti, ta wajen Dakoro, ba likitan zuciya ba ne, kuma ba a duba mutum ta salula, don haka farkon abin da zan ce maka ɗan'uwa ka je a auna ka. Tansiyo (awon hawan jini), sukari, jini, in da hali a yi maka awon bugun zuciya ECG. Shekara 16 na kwali guda ba ƙaramin abu ba ne ga zuciya, kuma akwai cutuka masu kama da wannan, ƙarancin jini da faɗuwar sukari da matsalar tiroyid, abin nan na wuya da ke kawo maƙoƙo. In ka ji ƙirji ya danne kamar an ɗora maka dutse yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko ciwon na zuwa in ka yi aikin ƙarfi, ko ka suma, kar ka tsaya rubutu a nan, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

To amma yadda ka kwatanta shi, ya zo farat ɗaya ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 ya sauka da kansa, da tsoron mutuwa da tsirar yatsu, wannan ya yi kama sosai da abin da muke kira kiriz na firgici. Jiki ne ke buga ƙararrawar haɗari alhali babu haɗarin, kamar yadda za ka ji in kare ya biyo ka, sai dai babu karen. Yatsu da leɓe kuwa numfashi ne ya kawo su, in mutum ya tsorata yana jan iska da sauri da sauri sai iskar kabon ta jininsa ta ragu fiye da kima, shi ne jiri da tsirar nan, shi kuma yana jin haka sai ya ƙara tsorata ya ƙara jan iska. Abin ban tsoro ne ƙwarai amma shi kansa kiriz ɗin ba ya tsaida zuciya.

Ƙanena na Bagalam, ban ƙaryata ka ba, ka ji sauƙi da ka kunna. Sai dai ka duba daga ina rashin sauƙin ya fito. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai kama mutum, na isa ƙwaƙwalwa cikin ƴan daƙiƙu, bayan kamar awa 2 rabinsa ya fita daga jini, sai jiki ya fara ƙunci da fargaba yana neman wani, ka kunna ya lafa. Ita ta kawo damuwar ita kuma ta ɗauke ta na ɗan lokaci, kullum haka sau 20. Bugun zuciya da tansiyo kuwa hawa suke yi in ka sha, ba sauka ba.

Tambaya ɗaya mai walda, tun da ka bari shayi nawa kake sha a wuni? Da goro da Nescafé?

Mai Walda Zariya:
Kai likita ai tun da na bari bakina bai zama banza. Shayi a garejinmu tukunya ba ta sabka daga wuta, da ina shan na hwari da na biyu sau biyu a wuni, yanzu duk wanda anka dahwa sai na sha, ga na fada da dare. Goro da ban damu da shi ba yanzu ina cin 4 ko 5. Nescafé da sahe leda biyu don ban samun kwana. Ran Juma'ar ma sai da na sha lemun gwangwani mai sa ƙarhi kafin in tahi masallaci

Anfirme daga daji:
To ka ga inda nake zato. Wannan mutane da yawa ba su san shi ba har cikin ma'aikata. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi da Nescafé mai hana barci, da sauri, shi ya sa mashayin taba zai sha shayi mai ɗaci ƙarfe 11 na dare ya je ya kwanta. Kana barin hayaƙin, cikin ƴan kwanaki hanta ta koma aikinta na asali, sai kofin da ka saba sha ya daɗe cikin jini, ƙarfinsa ya kai kusan ninki biyu. Kai kuma ba ka tsaya a wanda ka saba ba, ka ninka shi, ka ƙara goro wanda shi ma kafeyin ne cike, ga lemun gwangwani, ga rashin barci, ga zafin Maradi na yanzu kana gaban wutar walda kana zufa. Kafeyin in ya yi yawa me yake sawa? Bugun zuciya, rawar hannu, fargaba, rashin barci. Ka rage shi aƙalla rabi, ba ka yanke duka rana ɗaya ba don shi ma zai sa ka ciwon kai. Bayan la'asar kar ka sha ko kaɗan. Ruwa ka yawaita.

Kuma duk mai karanta wannan da ke kan maganin asma irin teofilin ko maganin taɓin hankali irin olanzapin da klozapin, in zai bar taba ya gaya ma likitansa, don su ma hanyar nan ta hanta suke bi, wani lokaci sai an rage adadin.

Mai Shayi Ali Dan Sofo:
Haba likita yanzu kuma shayi ne zai ɗauki laihin taba? Kakanninmu na cin goro har su kai shekara 90, buzaye na shan shayi sahe rana dare ban taɓa jin an ce zuciyarsu ta buga ba. Shekara 20 ina wannan sana'a

Anfirme daga daji:
Ban ce shayi cuta ba ne maigida, ni ma ina sha. Na ce mutumin da ya bar taba satin da ya wuce jikinsa ba ɗaya yake da na watan jiya ba. Nan da ɗan lokaci in ya daidaita zai san iya abin da jikinsa ke ɗauka.

Mai Shayi Ali Dan Sofo:
To in haka ne ya zo in riƙa dahwa mishi na ukku ko citta da na'ana'a zalla, amma dai ni ban yarda shayi na sa mutum ya ga mutuwa ba

Maman Biyu:
Ni abin da zan ce daban ne. Yayana ka ce ba ka son hwaɗa ma matarka, to wallahi ta riga ta gani, mace ba ta kwana ɗaki guda da mutum ya tashi zumbur cikin dare yana haki ta kasa sani, sai dai tana can tana saƙa abin da ya hi wannan muni. Maigidana da ya bari shekara 3 da sunka wuce haka ya ɓoye mini, sati biyu ina ganin ya canza ba ya cin tuwo yana hwaɗa da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, ni har na ɗauka aure zai ƙara ko bashi ya ci, ranar da ya buɗe baki ya gaya mini sai na ji sanyi. Daga nan in abin ya taso mishi da dare sai in tashi in jiƙa tsumma in sa mishi a wuya da huska, in zauna kusa ina ƙirga mishi numhwashi, ban ce mishi komi ba sai dai ga ni nan zai wuce. Na aje mishi aya da gyaɗa da dabino cikin aljihu da asuwaki, rake ma in lokacinshi ne. Ya yi ƙiba kaɗan, wannan bai dame mu ba. Ka gaya mata yau.

Na Tibiri:
Duk kun bar maganar da na yi. Likitoci komi sai su ce jini ne ko ƙwaƙwalwa. Mi ya sa bai kama shi a gareji ba sai a masallaci?

Malam na Limanci:
Ɗan'uwa na Tibiri, addu'a da karatun Alƙur'ani babu musulmin da zai ce ba su da amfani, Allah ya ce a suratu Ra'adi da ambatonSa ne zukata ke natsuwa, kuma ina ba ɗan'uwanmu shawara ya riƙe azkar na safe da yamma da na kwanciya. Amma kar mu gaggauta ce ma mutum an yi masa sihiri ba da hujja ba, mutumin da tsoro ke cin sa ka ƙara masa da cewa wani na bin sa da sharri, ka ga mun ƙara masa ciwo kuma mun sa shi zargin ƴan'uwa da abokan sana'a. Ga sababi a fili ya faɗa da bakinsa, ya bar abin da jikinsa ya saba da shi shekara 16. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ya je likita, ya yi addu'a, babu wanda ya hana wani. Batun masallaci kuwa ran Juma'a da tsakar rana cikin cunkoso da zafi mutum na zaune shiru babu abin da hannunsa ke yi, ni ban ga abin mamaki ba. Mai walda, kar shaiɗan ya sa ka bar jam'i saboda wannan, ka zauna bakin ƙofa inda iska ke shigowa har ka samu natsuwa.

Na Tibiri:
Allah ya gafarta malam na ji, amma ni dai da ni ne da na haɗa da ruƙiyya

Malam na Limanci:
Ya karanta Fatiha da Falaƙi da Nasi ya tofa a hannu ya shafa, ruƙiyya ke nan, ba sai ya biya kowa ba.

Yaro Mai Gwanjo:
Yaya akwai wata ƴar ƙwaya D5 wajen masu tebur tana sa kwana sosai, ko kuma ka riƙa sa taba gari da kanwa a baki tunda ita babu hayaƙi

Anfirme daga daji:
A'a don Allah. D5 diyazefam ne, yana kama mutum shi ma, kuma barinsa bayan an saba ya fi barin taba haɗari don har farfaɗiya yana kawowa. Likita kaɗai ke rubuta shi na ƴan kwanaki in ya ga dalili. Tramol ma haka, mun ga yadda ya yi da matasanmu. Taba gari kuwa nikotin ɗin ne dai, ga cutar dasashi da kansar baki. In mutum na son abin da zai rage masa ƙishirwar akwai cingam na nikotin da wanda ake mannawa a fata, OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2009, a tambaya a farmasi na gaskiya a kuma nemi bayanin yadda ake amfani da su. Amma wanda ya kai kwana 9 da kansa, ya fara zuwa a duba shi tukuna.

Yaro Mai Gwanjo:
To ban sani ba, a yi haƙuri

Ɗalibar Jami'a:
Ina wuninku iyayena da yayyena. Ina karatu a Dan Dicko Dankoulodo, babana ma na cikin wannan gwagwarmayar shi ya sa na bi zancen. Akwai binciken da aka buga a mujallar likitoci ta Ingila BMJ a 2014, sun haɗa nazari 26 suka kwatanta waɗanda suka bari da waɗanda suka ci gaba da sha, bayan kamar sati 6 zuwa sama waɗanda suka bari fargabarsu da ƙuncin ransu sun ragu fiye da na masu sha, har da masu ciwon damuwa tun asali. Babana da na karanta masa cewa ya yi to makonnin farkon fa wa zai ɗauke masa su, ban sami amsar da zan ba shi ba sai yau da na ga rubutun Baba Direba, zan nuna masa. Abin da ke ƙona min rai kuma muna da dokar yaƙi da taba tun 2006 amma yaro ɗan shekara 12 zai je wajen mai tebur ya sayi kara guda babu mai ce masa komi.

Ɗan Kabu-kabu Bagalam:
Likita to ni da na san zancen shayi da goron nan bara... don ni ma lokacin goro na koma ma da lemun gwangwani 2 kullum saboda aikin dare. Amma tsaya, in abin ya taso a kan hanya mi mutum zai yi a lokacin? Don a lokacin ba ka tuna wani bayani

Anfirme daga daji:
Ka gangara gefe ka kashe babur ka zauna. Kar ka yi ta jan iska da ƙarfi ko da kana jin ba ta isarka, fitarwar ce za ka ja da tsawo. Ka ja ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta baki sannu kamar mai hura koko kana ƙirga 6 ko 7, hannu a kan ciki ka ji shi ne ke tashi ba ƙirji ba. Ruwan sanyi a fuska. Ka gaya ma kanka na san wannan, ya zo jiya ya wuce. Kuma ka riƙa gwada numfashin nan sau 2 ko 3 a wuni lokacin da kake lafiya lau, don in ba ka saba da shi ba ba zai zo maka lokacin tsoro ba. Abu guda da ke sa ciwon ya zauna shi ne gudun wurin da ya taɓa kama ka, yau ka bar masallaci gobe kasuwa jibi ka kasa fita gida. In an wuce wata guda zuwa sati 6 abin bai ragu ba, ko ya hana ka aiki, ko baƙin ciki ya yi yawa har mutum na tunanin cutar da kansa, a koma likita a nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai magani kuma ba hauka ba ne.

Baba Direba:
Ni tasbaha ce ta yi mini wannan aikin, istigfari guda ina ja biyu ina sakewa. Da tahiya a ƙasa bayan magariba, daga gida har bakin gulbi in dawo, sai kwana ya zo.

Mai Walda Zariya:
Salamu alaikum, na dawo in ba ku labari, yau kwana 23. Maman Biyu Allah ya saka, na gaya mata tun daren ranar, ashe ta ɗauka ciwon zuciya gare ni nake ɓoye mata har ta yi kuka wajen innarta. Na tahi likita an auna, ECG lahiya, sukari lahiya, tansiyo ya ɗan hau an ce in dawo bayan sati biyu a sake gwadawa. Shayi na koma kofi 2 da hantsi, goro rabi, Nescafé da na gwangwani na bari. Kwana 4 bayan haka na hwara samun barci. Abin ya sake kama ni sau ɗaya a kasuwa ina sayen ƙarhe, na zauna kan benci na yi ƙirgar likita ina kallon agogon salula, minti 8 ya sake ni na tashi na gama cinikina. Juma'a biyu na yi a bakin ƙohwa yadda malam ya ce. Kuɗin taba ina ba maman yara tana ajewa. Tarin yarinya ya yi sauƙi sosai. Har yanzu bayan cin abinci hannuna na zuwa aljihu da kanshi, kuma shekaranjiya na yi mahwarki ina sha na tashi gabana na dukan uku uku na ɗauka na karya. Baba ku ma kun yi wannan?

Baba Direba:
Na yi ɗana, har bayan shekara ina yin shi jefi jefi. Ka tashi ka sha ruwa ka koma ka kwanta.

Ɗan Kabu-kabu Bagalam:
Yaya mai walda garejinku ta wane gehe yake a Zariya? Ka turo mini ta ciki, gobe in na aje yaran lakwal zan biyo. Rabin kwali ya rage mini ina son in yi magana da kai kafin in sayi wani